Kafin A Yi Maganar Farautar Giwan Ruwa A Kainji, A Fara Rufe Ruwan

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin matasa a 'yan shekarun nan, a Kontagora kamar yadda yake a sauran garuruwa. Jirgi mai inji ya nausa cikin teku har gaɓa ta ɓace. Wani mutum sanye da matsattsun kayan roba da tabarau da dogayen takalman ninƙaya ya ja numfashi, ya kifa kai ƙasa, ya nitse cikin shuɗin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. A hannunsa akwai wata doguwar bindiga da ba ta cin harsashi, mashin ƙarfe take harbawa da ƙarfin robar da aka ɗame. Can sai ga kifi ya gifta, girmansa ya fi na mutumin. Kafin a ankara an nuno su a bisa jirgi, ƙarti uku suna fama su ɗaga shi don a ɗauki hoto.

Wasa ne na masu hali, kuma yana da gwanayensa. A 1982 wani Ba'amurke mai suna Terry Maas ya soki kifin tuna mai nauyin kusan kilo 180 a kusa da tsibirin Guadalupe na ƙasar Meziko, babu tukunyar iska a bayansa, da numfashin ƙirjinsa kawai. Dabarar ita ce a ɗaure mashin da doguwar igiya, ita kuma igiyar a ɗaure ta da wani abu mai iska da ke yawo a saman ruwa. Kifin da aka soka zai yi ƙasa da gudu, abin nan na sama yana jan sa baya, har ya galabaita a jawo shi. Haɗarin ba kaɗan ba ne. Babban abin da masu wannan farauta ke tsoro shi ne suma: mutum ya daɗe a ƙasa, iska ta ƙare masa yana dab da fitowa, ya sume shiru ba ko motsi. Shi ya sa ba sa nitsewa tare, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama yana tsaronsa.

Wanda ya tashi a bakin Kwara zai kalli wannan dabara ya yi murmushi, domin ya san ta. Zagon Sarkawa haka yake aiki: kai mai kunnuwa da ke zarewa daga sanda, igiya, da abin da ke tasowa sama yana nuna inda dabba ta nufa. Da shi kakanni suka yi farautar dorina da kada da ayu da manyan kifaye daga cikin kwalekwale, ba inji ba tabarau. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin irin wannan farautar dorina a wajen Ayoru, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, a farkon shekarun 1950, kuma har gobe bikin Rigata na Yawuri yana tuna wa mutane zamanin da a kan ruwa ake auna jaruntar namiji. Yau doka ta haramta kashe ayu, dorina ma ta zama abin lallaɓawa, kuma hakan daidai ne.

Don haka ba abin mamaki ba ne in wani ya yi tunanin cewa tafkin Kainji, da ke nan bayan gida, zai iya zama fagen irin wannan farauta: a kawo baƙi, a shirya gasa, a ɗora hoton ƙaton giwan ruwa a Facebook, jihar Neja ta sami kuɗin shiga. Tunanin ba shi da laifi, sai dai ya ɗauko zancen daga ƙarshe. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne dokar da ta bar kifin ya rayu har ya kai wannan girma, da kuma mutumin da ke da ikon cewa yau ba a shiga ruwa, a kuma ji maganarsa. Wannan mutumin ne Kainji ya rasa.

A dubi yadda masu bindigar mashin suke ɗaure da ƙa'ida a ƙasashensu. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 kan kamun kifi a Bahar Rum ta hana a haɗa bindigar mashi da tukunyar iska, ta hana farauta da ita da dare, ta kuma hana mai kamun nishaɗi sayar da abin da ya kama. Ba haka kawai aka wayi gari da waɗannan sharuɗɗa ba. Mashi makami ne mai zaɓe, ba ya taɓa ƙananan kifaye, amma zaɓen nasa kullum a kan babba yake faɗawa. A Fulorida ta Amurka akwai wani ƙaton kifin duwatsu da kan haura kilo 300, mai sanyin hali, wanda ba ya gudun mai nitso. Masu mashi da masu ƙugiya suka yi ta ɗibarsa har ya kusa ƙarewa, aka haramta kama shi baki ɗaya a 1990. Sai a 2023, bayan shekara 33, aka sake buɗe ƙofa 'yar kaɗan: kifi 200 a shekara, ta hanyar ƙuri'a, da ƙugiya kaɗai, mashi bai shiga ba. Ƙasar da ake son wasan a cikinta ita ce ta iya riƙe hannunta shekara talatin da 'yan kai.

To, a dawo gida. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136 da faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 1,270. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa da suka bar tsibiran kakanninsu. Yau tafkin yana tsakanin jihohin Neja da Kebbi. Wani ɓangare na gaɓarsa ta gabas yana cikin ƙaramar hukumar Magama, ƙasar Auna da Nasko da Salka da Ibeto, wato cikin masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa. Mutumin Kontagora yakan ɗauki kansa ɗan tudu, manomin masara da wake, ya bar zancen ruwa ga Yawurawa da mutanen Borgu. Taswira ba ta yarda da shi ba. Kogin da ke ɗauke da sunan garinsa Kwara yake gangarawa, babbar hanyar da ta ratsa garin Yawuri ta nufa, kuma bandar da ake sayarwa a kasuwarsa kaso mai yawa daga wannan ruwan take fitowa.

Shekarun farko na tafkin shekarun arziki ne. Ruwa ya malale gonaki da dazuzzuka, ciyawa da ganyaye suka ruɓe suka zama abinci, faliya ta yi yawa har ta fi ƙarfin masu kamawa. A 1971 an ƙiyasta kamun shekara ya haura tan 28,000. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da ƙasar Nufe da sauran wurare, har daga ƙetare. Zuwa 1978 kamun ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500. Wani ɓangare na faɗuwar dabi'ar kowane sabon tafki ce, domin abincin nan na farko yakan ƙare. Sauran kuwa aikin hannun mutane ne.

Daga nan sai dala ta shigo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tungar masunta da asuba ya ga yadda ake jan ta: doguwar raga mai ƙananan idanu, wani lokaci irin ta gidan sauro, a zagaya da ita cikin ruwa, samari su jeru a gaɓa suna ja suna waƙa. Warangi ake nema, 'yan mitsi-mitsin kifayen nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Amma raga ba ta tambayar suna. Tare da warangin take kwaso 'ya'yan faliya da na karfasa da na ragon ruwa da na giwan ruwa, waɗanda ko yatsa ba su kai ba, a shanya su gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 alƙaluma sun sake hawa, a 1996 sun kai kusan tan 38,000, har wanda bai san dawan garin ba zai ce tafki ya farfaɗo. Kaso mafi tsoka na wannan nauyi warangi ne da abin da ya biyo shi. Wannan ba shi da maraba da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo, yana murnar gidansa an ƙoshi.

Illar dala kashi biyu ce a kan giwan ruwa. Tana kashe shi yana jariri, tana kuma kwashe abincinsa, domin ƙananan kifaye irin su warangi ne ƙaramin giwan ruwa ke ci kafin ya kai ga haɗiye manya.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan halittar wannan kifi, domin a nan hujjar take. Giwan ruwa yana iya kaiwa tsawon mita biyu, nauyinsa ya tasam ma kilo 200. Yana ɗaukar kusan shekara uku kafin ya fara haihuwa, kuma mace ta fi namiji girma, har ya zamana yawancin manya-manyan da ake alfahari da su mata ne. Babbar mace ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwanta. Ashe ke nan tafkin da ake tatse ƙananansa da dala, a kuma bi manyansa da mashi ko mamari, an ci shi ta kai da ƙafa. Ƙasashen da ke kewaye da tafkin Biktoriya, wato Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sun gane haka tun farkon shekarun 2000, suka sa ƙa'idar cewa giwan ruwan da za a kama ya kasance tsakanin santimita 50 da 85: ƙarami a bar shi ya girma, babba a bar ta ta haihu. Ko su ma suna fama, musamman tun da 'yan kasuwar Sin suka sa wa jakar iskar da ke cikin kifin farashi mai tsada, aka shiga bin manya ido rufe. Amma dai suna da ma'aunin da za a kama mutum da shi.

A Masar kuwa, tafkin Nasir da madatsar Aswan ta haifar ya yi suna wajen baƙi masu zuwa neman giwan ruwa da ƙugiya. A can aka kama mai kilo 104 a shekarar 2000, wanda ya shiga kundin bajinta na duniya. Abin lura shi ne masu shirya irin waɗannan tafiye-tafiye sun ɗora kasuwancinsu a kan a kama, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da kifin ruwa da ransa. Kifi ɗaya sai ya ciyar da mai jirgi da mai masauki da mai dafa abinci sau da yawa. Da mashi ba a iya yin haka, wanda aka soka an soke shi ke nan.

Akwai ma wata matsala da mai sha'awar nitso da bindigar mashi zai tarar a Kainji. Masunta sun san ruwa biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka da ƙasar da ruwan sama ya wanko daga kogunan Sakkwato da Rima da sauran rafuka. A lokacin ko tafin hannunka ba ka gani a ƙarƙashi. Baƙin ruwa kuma shi ne wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana ajiye lakarsa, ya iso nan cikin hunturu ya fi tsabta. Ko a lokacin, ƙasan tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun 1968, masu riƙe igiya da raga da ƙafar mutum. Wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a waya a irin wannan ruwa, ransa ya sa a caca.

Misalin da ya fi kusa, ya kuma fi dacewa, yana Argungu. Kowa ya san bikin kamun kifin garin: ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016, dubban masunta suna rugawa kogin Matan Fada da homa da gora. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2020 kuma kilo 78, bayan kusan shekara goma ba a yi bikin ba. Abin da 'yan kallo ba su cika tambaya ba shi ne: ta yaya wannan ɗan yanki na kogi ke fitar da irin waɗannan kifaye? Amsar ita ce a rufe yake. Duk shekara ba mai jefa raga a Matan Fada, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro, fadar Sarkin Kabi tana bayansu. Sai an yi gyaran ruwa, an yi fashin ruwa, sannan a shiga, kuma gasar kanta ba ta wuce kamar awa guda. Watanni goma sha ɗaya da 'yan kai na haƙuri ne ke haifar da hoton da ake gani a talabijin. Ko a can ɗin ma an ga alamar ƙarancin manyan kifaye: a 2008 an ƙwace kambun wanda aka ce ya yi nasara bayan an gano kifin nasa ba a wurin aka kama shi da rai ba.

Wannan tsari na rufe ruwa da fasa shi ba na Argungu kaɗai ba ne. Kusan duk inda Sarkawa suka zauna an san shi. Kowane gurbi mai zurfi da mai shi, kowane tabki da ranar da ake buɗe shi, kuma wanda ya saci shiga akwai tara, akwai ƙwace kaya, akwai kunyar da ta fi tarar zafi. Wasu sun haɗa abin da tsafi da iskokin ruwa, malamai kuma sun yi gaskiya da suka yaƙi wannan ɓangaren. Sai dai a wurare da yawa da aka kori tsafin, an haɗa da dokar an kora, ba a kawo wata a madadinta ba. Tafkin Kainji ya ƙara dagula lissafi, domin ya haɗiye iyakokin da aka gada, ya tara baƙin da ba su san Sarkin Ruwan wurin ba, ya kuma mayar da ruwan mallakar gwamnati, wato na kowa.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Tun 1968 ake binciken tafkin, aikin da ya girma ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa, ga kuma kwalejin tarayya ta koyon aikin kifi a gari ɗaya. A 1992 gwamnatin soja ta fitar da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, in ban da wasu kayan da ta keɓe. Daga 1993 wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya yi shekaru yana aiki a tafkin: ya ƙirga tungayen masunta kusan 300, ya kawo lasisi, ya jawo sarakunan ruwa da hakimai cikin tsarin, aka kai ga haramta dala a jihohin biyu. Wannan shi ne lokacin da Kainji ya fi kusa da samun mai faɗa a ji. Da shirin ya naɗe tabarmarsa a farkon shekarun 2000, kuɗin man jiragen sintiri ya yanke, dala ta dawo a hankali.

Tarar da dokar 1992 ta yanka wa mai zuba guba a ruwa naira 3,000 ce, ko ɗaurin shekara biyu. A yau wannan kuɗi ba ya sayen babban kifi ɗaya a kasuwar Kontagora. Mai zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a gurbi ya kwashe abin da ya taso, ya kai wa masu banda, matan aure su saya su zuba a miya, ya san abin da zai samu ya ninka tarar sau da yawa, in ma an kama shi.

Mai karatu na iya cewa: duk wannan zance ne na wanda ya ƙoshi. Masuncin da ke da mata biyu da 'ya'ya tara, wanda ya ci bashin raga a wurin dillali, ba zai zauna ya jira giwan ruwa ya shekara biyar ba. Gaskiya ne, kuma duk tsarin da ya yi watsi da wannan gaskiya zai mutu kamar na baya. Sai dai a lura da abubuwa biyu. Lokacin da ya fi buƙatar a rufe ruwa, wato sa'ad da farin ruwa ke hawa yana malala cikin ciyayi kifaye suna ƙwai, ya zo daidai da lokacin aikin gona, kuma masunta da yawa na gaɓar Magama manoma ne. Buhun taki da irin shinkafa a daidai wannan lokaci sun fi wa'azin jami'i tasiri. Na biyu, ba dukan tafkin za a rufe ba. 'Yan lunguna da bakunan rafuka ake nufi, inda kifi ke haihuwa. Kifin da ya girma a can ba ya zama a can, yana fitowa ya faɗa ragar wanda ke kamu a waje.

Wani kuma zai ce wa ke maganar kifi alhali ana maganar rai? Yankin ya sha wuya. 'Yan bindiga sun addabi Mariga da Rijau da Magama da Mashegu, an kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, gandun dajin Kainji ya zama wurin da ma'aikatansa ma ke shiga da fargaba. A watan Mayun 2021 kuma jirgin da ya taso daga ɓangaren Neja zuwa kasuwar Wara ya nutse da mutane sama da 150, kaɗan suka tsira. Babu baƙon da zai biya kuɗin jirgin sama ya zo kamun nishaɗi a haka, kuma duk jami'in da ya yi alkawarin yawon buɗe ido a Kainji bana ko baɗi, daɗin baki yake yi. Amma wannan hujja ce ta a fara yanzu. Kifi shekaru yake buƙata, kuma shekarun da ake jiran zaman lafiya su ne za a iya ba shi. Sannan duk wanda aka kora daga gonarsa a tudu, bakin ruwa yake gangarowa neman abin kai wa baki, matsi a kan tafkin yana ƙaruwa ke nan.

Abin da ya rage shi ne a ce wa zai riƙe sandar. A ra'ayin mai wannan rubutu, jami'in kifi da ke zaune a Minna ba zai iya ba, ko da an ninka masa albashi. Tafkin ya fi ƙarfin jirginsa, kuma kifi na ganinka mai jar koma, masu dala sun san ranar da yake zuwa. Sarkin Ruwa shi ke kwana a tunga, ya san wanda ya sayo sabuwar raga, ya san baƙon da ya sauka jiya. Abin da ya rasa shi ne doka a bayansa da abin sawa a aljihu ta hanyar halal. Majalisar Dokokin Jihar Neja tana iya rubuta ikonsa a doka: ya rufe wuri da amincewar hakimi da jami'in kifi, ya ƙwace haramtacciyar raga, ya sami kaso sananne daga kuɗin lasisi. Ta kuma rubuta yadda za a tuɓe shi, domin ba a rasa sarakunan ruwan da su kansu ke da dala, ko suke karɓar na goro su kau da kai. A ɗaga tara ta yi daidai da kuɗin yau. A sa ma'auni na ƙasa da na sama ga giwan ruwa, a manna sandar awon a kowace mashigar jirage inda kowa zai gani. Kuma dole a yi shi tare da Kebbi, in ba haka ba mai dala zai tsallaka ɗaya gaɓar kawai ya ci gaba da aikinsa.

Kuɗin ba zai gagara ba in an so. Hukumar HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, an kafa ta ne domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, kuma ta riga ta shiga aikin raba rigunan kariya da cire kututture a hanyoyin jirage. Jihar da ke ɗauke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ba ta da uzurin cewa ba ta san darajar ruwa ba. Najeriya tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa bai kai rabin haka ba, shi ya sa kifin ƙanƙara da aka kamo a tekun Turai yake isowa har Kontagora cikin kwali, ya wuce ta kusa da tafki mafi girma da ɗan Adam ya samar a ƙasar nan.

Kontagora tana da wata dama da Yawuri da Bussa ba su da ita. Madatsar Auna, wadda gwamnatoci suka yi ta gadar aikinta tun zamanin mulkin soja, ruwa ne da bai riga ya cika da masu haƙƙin gado da rigingimu ba. Haka ita ma ƙaramar madatsar da ke shayar da garin. A irin waɗannan wurare ana iya kafa ƙa'ida tun kafin a saba da rashin ta: adadin jirage, girman idon raga, watannin hutu, da yankin da ba a taɓawa sam. In an ga amfanin a nan, masuntan babban tafki ba sa buƙatar dogon bayani, za su zo su gani da idonsu. Su ma dillalan kifi na garin da ƙungiyarsu suna da rawar takawa, domin mai dala ba zai ja raga ba in ya san 'ya'yan faliya da na giwan ruwa ba su da mai saye.

Kira a nan ga Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Muhammad Barau Mu'azu, da 'yan majalisar da ke wakiltar Magama da Kontagora a Minna: kafin farin ruwa mai zuwa, a tara sarakunan ruwan gaɓar gabas da hakimansu da masanan Sabuwar Bussa a zaure ɗaya, a zaɓi wuri na farko da za a rufe, a sanar da sunansa da iyakarsa a masallatai da kasuwanni, a kuma faɗi wanda za a tuhuma in an ga raga a cikinsa.